Neman Abokan Ciniki A Sana'ar Kwamfuta: Abin Da Na Koya A Kasuwa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. Lokacin da sakatare ya bugo mini waya ya ce ana so in yi magana a kan sana'ata, sai da na tambaye shi ko ya manta cewa ni ne wanda ya tsaya a zauren nan ranar muhawara muna aji uku, na buɗe baki magana ta ƙi fita har aka kaɗa ƙararrawa. Ya ce bai manta ba, shi ya sa ma aka zaɓe ni, domin a ga ko an sami ci gaba. To ga ni, sai ku yi mini alƙalanci.

An ce in yi bayani a kan yadda mai zaman kansa a aikin kwamfuta, wato wanda ba ya ƙarƙashin wani ofis ko kamfani, yake samun waɗanda za su ba shi aiki. Na san yawancinmu ba wannan ce hanyar abincinsu ba. Amma kaɗan ne a zauren nan waɗanda ba su da ɗa ko 'ya ko ƙane da ya karanta kwamfuta, ya gama hidimar ƙasa, yana zaune a gida yana jiran takardar ɗaukar aiki da ba a san ranar zuwanta ba. Saboda waɗannan yaran nake roƙon ku saurare ni, domin a ƙarshe akwai abin da zan nema daga gare ku a madadinsu.

Ni dai ban shiga wannan sana'a da niyya ba. Bayan jami'a na sami aiki a sashen kwamfuta na wani banki, na kuma ɗauka a nan zan yi ritaya. A cikin 2004 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarnin kowane banki ya kai jarinsa Naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Da wa'adin ya cika, bankuna 89 suka koma 25. Namu yana cikin waɗanda aka haɗe da wasu, kuma inda ake da sashen kwamfuta uku, ɗaya ya isa. A farkon 2006 aka ba ni takardar sallama tare da 'yan kuɗin sallamata. Ina da mata da yara uku a lokacin.

Abin da na yi da kuɗin shi ne kuskurena na farko. Na kama hayar ofis a bene a nan Kano, na sa kafet da labule, na sayi kujera mai juyawa, na sa aka rubuta mini ƙaton allo da Turanci, na buga katin sana'a guda 500. Daga nan na zauna ina jiran jama'a. Na yi wata bakwai ina jira. Waɗanda suka hawo benen nan a tsawon wannan lokaci su ne mai karɓar kuɗin shara, da mai kuɗin wuta, da wata baiwar Allah da ta ɗauka ana yin hoton takardu. Kullum da safe in sa kwat in fita, da yamma in dawo in ce wa maiɗakina aiki ya yi yawa. Ita kuwa ta san gaskiya, domin ita ke ganin kuɗin cefane yana raguwa, amma ba ta taɓa tona ni ba.

Wanda ya fitar da ni daga wannan hali yana zaune a zauren nan. Ba zan ambaci sunansa ba domin ya hana ni, amma 'yan ɗakin kwananmu sun san wanda muke cin gabza a kwano ɗaya da shi. Ya zo ofishina wata rana, ya dubi kafet, ya dubi allo, ya ce, “Mutumina, wa ka gaya wa kana nan?” Na ce ai ga allo a waje. Ya ce, “Allo ba ya gaisuwa. Tashi mu je Kantin Kwari wurin Baffana.”

Baffan nasa babban ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda a sari. Da muka gaisa, sai na gyara zama na fara zuba masa bayani irin wanda na saba yi a ɗakin taron banki, rabi Hausa rabi Turanci, ina lissafa masa sunayen manhajoji da ƙarfin injuna. Ya saurare ni da haƙuri har na gama, sa'an nan ya ce, “Malam, duk na ji. Ni tambayata ɗaya ce. Yanzu da muke zaunen nan, turmin atamfa nawa ne a sitona na baya? In abin naka zai gaya mini wannan ba sai na kira yara uku kowa ya faɗi nasa ba, to mu yi magana.”

A nan na tuna da malaminmu na lissafi, wanda kullum kafin jarrabawa yake ce mana mu karanta tambaya sau biyu kafin mu ɗauki biro. Wata bakwai na yi ina rubuta amsa ban karanta tambaya ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku in zauna da yaran kanti.” Na ajiye kwat a gida, na zauna a kan dila ina kallon yadda kaya ke shiga da yadda suke fita. Abin da na gano shi ne, ana ba ƙananan 'yan kasuwa kaya bashi a kan amana, a rubuta a bayan kwali ko a gefen rasit, wani lokaci takardar ta ɓace kafin a shigar da ita babban littafi. Alhaji kuwa ya daɗe yana zargin wani yaronsa da ɗauke-ɗauke, har ya yi niyyar korarsa bayan salla. Da muka bi lissafin wata uku baya, muka tuntuɓi masu karɓar kaya, sai ga yawancin abin da ake cewa ya ɓace yana hannun mutanen da ba su ma musa ba. Yaron nan bai ɗauki ko ƙyalle ba.

Abin da na haɗa musu ƙaramin abu ne, wanda ɗalibin shekarar farko a jami'a zai iya: kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, da shafin da ke nuna abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ake bi bashi. Kuɗin da aka biya ni bai kai hayar ofishina ta wata biyu ba. Amma kafin shekara ta zagayo ina aiki da kantuna tara a layin nan. Wanda ya fi kowa yi mini talla kuwa shi ne yaron nan da aka wanke, domin yaran kanti suna hira da junansu a wurin mai shayi fiye da yadda iyayen gidansu ke yi. Yau shi ma an sallame shi yana da kantinsa, kuma har yanzu ni nake duba masa lissafi.

Daga wannan aiki na ɗauki darussan da har gobe da su nake cin abinci. Mai kanti, da mai asibiti, da mai makaranta, babu wanda ya kwana yana tunanin kwamfuta a cikinsu. Abin da ke hana su barci shi ne kayan da ba a san inda suka shiga ba, da katin majiyyaci da aka yi awa guda ana nema, da sakamakon jarrabawa da malamai ke kwana suna tarawa da hannu. Wanda ya iya faɗin wannan damuwa da irin kalmomin mai ita, shi za a ba kujera. Saboda haka idan na je wurin sabon mutum yanzu, nakan bar jakata a rufe, in yi ta tambaya: me ya fi cinye muku lokaci? Ina kuɗi ke zurarewa? Wane aiki ne idan mutum ɗaya bai zo ba komai ya tsaya? Har ila yau nakan nemi ƙaramin aiki tukuna, wanda za a gama cikin mako guda a ga amfaninsa, domin babu mai miƙa wa baƙo makullin sito ranar farko. Kuma ba na raina ƙananan ma'aikata, saboda su ne za su yi aiki da abin da na kafa. Idan suka ɗauke shi a matsayin ɗan sandan da aka kawo musu, cikin wata guda za a ce wa maigida injin ya lalace.

Akwai kuma abin da kunya ta daɗe tana hana ni, wato roƙon a haɗa ni da wani. Mun taso da jin nauyin tallata kai, muna ganin aiki mai kyau zai yi magana da kansa. Yana yi, amma muryarsa ba ta da ƙarfi. Ranar da na gama aiki, mai shi yana cikin jin daɗi, ita ce ranar da nake cewa, “Alhaji, wa ka sani da ke fama da irin wannan matsala?” Idan ya ambaci wani, sai in roƙe shi ya kira shi a gabana, ko ya haɗa ni da yaro ya raka ni. Kiran minti biyu daga bakin wanda aka yarda da shi ya fi mini katin nan 500, waɗanda har yanzu akwai ragowarsu a durowa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, domin na yi shi ne bayan na ɗauka na iya. Wajen 2012 na sami aiki da wani kamfani mai rassa da yawa, suna biyana duk wata. Aikin ya cika mini lokaci, kuɗi yana shigowa, sai na daina zagaya kasuwa, na daina kiran tsofaffin abokan hulɗa, ƙananan ayyuka kuwa in ce ba ni da sukuni. A 2016 tattalin arzikin ƙasar nan ya shiga mawuyacin hali sakamakon faɗuwar farashin man fetur, kamfanin ya rage kashe kuɗi, kuma a irin wannan lokaci ɗan waje ake fara sallama. Da wasiƙa ɗaya kusan duk abin da nake samu ya tsaya. Na koma wurin mutanen da na yi shekara huɗu ban gaishe su ba, na tarar wasu sun sami wani. Na sayar da mota domin in biya kuɗin makarantar yara. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar na tashi neman wuƙa.

Tun daga lokacin na ware ranar Laraba. Komai yawan aiki, Laraba ta neman aikin gaba ce. In ziyarci tsofaffin abokan ciniki ko da babu abin da ya lalace, in kira waɗanda muka yi magana ba a ƙulla ba, in je wurin sabon mutum aƙalla ɗaya. Ina da littafi na musamman da nake rubuta wanda na gani, da abin da ya ce yana damunsa, da ranar da zan koma. Mutane da yawa da suka ce mini “sai an kwana biyu” da gaske suke, amma ba za su neme ka ba, kai ne za ka tuna. Na kuma yi wa kaina doka cewa ba zan sake bari abincin gidana ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba, komai girmansa.

To, a ina ake samun sababbin mutanen? Abin da na lura shi ne aiki yakan biyo bayan canji. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, sai ga masu makarantu suna neman wanda zai kafa musu ɗakin kwamfuta ya haɗa injunan da juna. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye kantuna masu yawa a kasuwar Sabon Gari, kuma bayan asarar kaya akwai waɗanda littattafan bashinsu suka ƙone, ba su da shaidar abin da suke bin mutane. Daga nan 'yan kasuwa da dama suka fara sauraron maganar ajiye kwafin lissafi a wani wuri dabam. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu da ofisoshi, kowa yana neman yadda zai yi taro ko darasi daga gida. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira bayan canjin kuɗi, mutanen da suka rantse ba za su karɓi taransifa ba suka koma karɓa, sai kuma ga matsalar daidaita abin da ya shiga banki da abin da aka sayar. A watan Yuni na shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta shafi asibitoci da makarantu da duk mai tara bayanan mutane. Wanda ke sauraron labarai yana tambayar kansa wa wannan zai dama, ba zai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Hanya ta biyu ita ce mutanen da ke ganin abokin ciniki kafin kai. Akanta ya san kamfanin da lissafinsa ya rikice. Masu sayar da kwamfuta a titin Beirut sun san wanda ya sayi injuna goma bai san yadda zai haɗa su ba. Mai sa sola ya san ofishin da ke shirin faɗaɗa aiki. Ka san su, ka tura musu aiki idan ya zo hannunka, in kuma akwai la'ada a faɗe ta a fili tun farko.

Hanya ta uku ita ce intanet, wadda yaranmu suka fi mu sani. Ta dandali irin su LinkedIn da Upwork matashi yana zaune a Kano zai iya yi wa wani aiki a Ingila ko Dubai a biya shi da kuɗin waje, kuma na san masu yin haka. Sai dai can ma sai an ga shaidar waɗanda ka yi wa aiki kafin a ba ka, kuma dole ka tanadi wuta da layi mai ƙarfi, domin wanda ke wata ƙasa ba ya karɓar uzurin an ɗauke wuta. Wasu matasa kan tambaye ni ko manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, za su ƙwace sana'ar. Lallai sun sauƙaƙa rubuta manhaja, ni ma ina amfani da su. Amma har yanzu sai an sami wanda zai je ya zauna a kan dila ya gano cewa a bayan kwali ake rubuta bashi.

Bari in taɓo maganar takardu da kuɗi a gurguje. Ka yi rajistar sana'arka da hukumar CAC. Tun bayan dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar, ka mallaki lambar biyan haraji, domin manyan kamfanoni ba sa biyan kuɗi a asusun mutum. Kowane aiki a rubuta shi, ko da a shafi ɗaya ne: abin da za a yi, abin da ba ya ciki, kuɗi nawa, yaushe. A karɓi kafin alƙalami kafin a fara. Kada ka karya farashi don tsoron a ce a'a, saboda wanda ya same ka da arha, da arha zai tallata ka. Kwangilar gwamnati kuwa tana da daɗin ji, amma kada mai ƙaramin jari ya ci bashi ya yi ta, domin biya yakan yi jinkirin da zai karya shi.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne amana. Mai aikin kwamfuta yana ganin abin da ko 'ya'yan maigida ba su gani ba: ribarsa, bashinsa, da wurin da yake saro kaya. Wata rana wani ɗan kasuwa ya kira ni gefe, ya yi mini tayin kuɗi mai kauri in gaya masa farashin da maƙwabcinsa ke saro shadda. Ina cikin matsi a lokacin, ban kuma ce zuciyata ba ta motsa ba. Na ba shi haƙuri na tafi. Bayan wata biyar shi da kansa ya aiko a kira ni in haɗa masa lissafin kantunansa, ya ce ya tabbata nasa sirrin ma ba zai fita ba. A kasuwa labari ba ya kwana. Da na karɓi kuɗin nan, da ranar na rufe sana'ata a Kantin Kwari.

Yanzu sai roƙon da na ce zan yi. A zauren nan akwai likitoci, da masu makarantu, da 'yan kasuwa, da lauyoyi, da manyan ma'aikata. Kowannenku yana da wani aiki a ofishinsa da ake yi da wahala wanda matashi zai iya sauƙaƙawa. Abin da ke hana yaranmu farawa shi ne rashin wanda zai ba su aikin farko, domin kowa yana tambayar wa ka taɓa yi wa. Ina roƙon ku zama na farkon. Ku ba su ƙaramin aiki, ku biya su haƙƙinsu. Kada a ce ai ɗanmu ne a sallame shi da “Allah ya yi albarka” kawai, domin addu'a tana da kyau, amma da kuɗi ake sayen data. Idan ya yi da kyau ku ɗaga waya ku gaya wa wani. Idan ya ɓata ku zaunar da shi ku gaya masa gaskiya, kamar yadda malamanmu suka yi mana.

Ina kuma ba ƙungiya shawarar ta buɗe rajistar sana'o'in 'ya'yanta da na 'ya'yansu, a riƙa buga ta a mujallarmu kowace shekara, domin wanda ke neman ma'aikaci ya fara dubawa a gida. Ni a nawa ɓangaren na yi alkawarin ɗaukar matasa biyu duk shekara daga cikin waɗanda suka fito daga makarantar nan, su riƙa bina kasuwa ranar Laraba har su san hanya. Wanda ke da yaro mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

A ƙarshe ina miƙa godiya ga malamanmu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu Allah ya jiƙansu. Ga abokina da ya sauko da ni daga bene, na gode, kuma na san har yanzu kana bina bashin naman da na cinye maka muna aji biyu. Shugaban taro, ina fata wannan karon na gama kafin a kaɗa ƙararrawa.